Yadda ake haɗa kabon bilak a cikin roba, kaya su yi baƙi kuma su jure rana

Duk wanda ya shigo harkar roba a nan Abuja, ko leda kake busawa ko bututu kake ja ko bokiti da baho kake bugawa, dole ka yi hulɗa da baƙi, don shi aka fi nema kuma shi ne yake rufa asirin robar bola da aka niƙa mai kala kala. To amma abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne baƙin nan aikinsa ya wuce kala, shi ne yake tare roba daga rana. A cikin hasken rana akwai wanda ake kira UV, shi ke cin roba a hankali, shi ya sa farar kujerar da aka bari a tsakar gida take yin gari a jiki tana tsagewa in an zauna. Kabon bilak, wato baƙin nan da ake sawa a roba, yana shanye wannan hasken tun daga fatar kayan kafin ya ratsa ciki, amma fa sai in ya kai adadin da ake so kuma ya watsu ko'ina. Kaya zai iya yin baƙi ƙirin a ido alhali abin da ke cikinsa bai kai rabin abin da rana take buƙata ba, a nan ne ake cutar manoma da masu aikin ruwa, kuma wani lokacin mai injin ma bai san yana cutarsu ba.

Shi kansa kabon ɗin gari ne mai laushin gaske, ana samun sa ta hanyar ƙona mai mai nauyi na matata a cikin tanderu ba tare da isasshiyar iska ba, kuma mafi yawan wanda ake yi a duniya taya ake yi da shi. Matatar Warri tana da sashen da aka gina don yin sa, amma mu ƙananan masana'antu ba garin muke saye ba, ƙwaya muke saye wadda an riga an dafa garin a cikin roba, ita ce mastabach, tana zuwa a buhu mai kilo 25, wata daga waje wata kuma a Legas ake haɗa ta.

Kayan da za ka tanada

Ɗanyen roba, sabo ko niƙaƙƙe, kuma ka san sunansa, LDPE ne ko HDPE (su biyun ake kira PE) ko PP. Sabon PE da PP akwai na Indorama da ke Eleme a jihar Ribas, akwai na waje.
Mastabach baƙi, wanda aka rubuta kason kabon da ke cikinsa a jikin buhu ko a takardar da ta zo da shi.
Sikeli na dijital mai iya auna giram, ba na 'yan hatsi ba.
Miksa, wato injin gaurayawa, in babu to durom mai murfi wanda yake rufuwa gam.
Diraya, wato injin busarwa, ta hofa (mazubin roba da ke saman inji), in babu zan faɗi dabarar da ake yi a ƙasa.
Rariyar ƙarfe ta bakin inji, mai lamba 40 da 60 da 80.
Maganaɗisu na sawa a cikin hofa, musamman in robar bola ce.
Takunkumi mai kyau, safar hannu mai jure zafi, tabarau.
Reza, tsohon cokalin ƙarfe, tocilan ko fitilar waya, gilashin ƙara girma.
Littafi da biro. Wannan kar ka raina shi.

1. Ka fara sanin me kayan zai yi a waje

Kafin ka buɗe buhu ka tambayi kanka, kayan nan a ɗaki zai zauna ko a rana. Hanga, kwandon shara na ofis, ledar cefane da za a yar gobe, waɗannan kala kawai suke so, kabon kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari ya isa. Amma bututun ban ruwa, ledar renon itace, ledar shimfiɗa a gona ko a kududdufin kifi, duk abin da zai kwana ya wuni a rana, sai kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyin kayan gaba ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro ba, shi ne abin da ƙa'idar ISO 4427 ta bututun ruwa na PE ta gindaya. Kuma tunda na ambaci wannan, in bututun da zai ɗauki matsin ruwa ne mai lamba PE100, masu yin sa da gaske ba sa haɗawa a durom, robar da aka riga aka dafa da baƙinta daga kamfani suke saye. Bayanina na leda ne da bututun gona da na waya da kayan buga-buga.

2. Duba mastabach kafin ka biya

Abu biyu za ka tambaya, kashi nawa ne kabon a ciki, sannan da wace roba aka dafa shi. Na kasuwa yawanci daga kashi 25 ne zuwa 50, mai 40 shi ne aka fi samu a cikin masu kyau. Robar da aka dafa shi da ita kuma dole ta jitu da taka, mai PE yana shiga LDPE da HDPE lafiya lau kuma yana shiga PP in ba a cika ba, amma kar ka kuskura ka zuba shi a PET ko ABS ko PVC, kayan zai riƙa ɓarewa falle falle.

Mai araha sosai kuwa ka yi hattara da shi, galibi an cika shi da kalsiyom ne, wato garin farar ƙasa, an ɗan sa kabon don ya yi baƙi. Gwajin da nake yi shi ne in ɗebi ƙwaya kamar goma a tsohon cokali in ɗora kan wutar gas a waje inda iska take, robar za ta narke ta kama wuta ta ƙone, sai ka ci gaba da gasawa har cokalin ya yi ja, shi ma kabon ɗin zai cinye a hankali. Mai kyau ɗan abin da zai bari kaɗan ne, mai kalsiyom kuwa za ka ga farar toka ta taru a cokalin kusan girman ƙwayar da ka zuba. Ba gwajin lab bane amma yana raba gaskiya da ƙarya, musamman in ka gasa na mutum biyu gefe da gefe. Mai kalsiyom ba haramun bane ga ledar cefane, matsalar ita ce a sayar maka da shi a kuɗin mai 40.

In buhun ba rubutu kuma mai shagon ya ce maka "wallahi mai ƙarfi ne" kawai, ka sayi kilo biyu ka gwada tukuna.

3. Lissafi

Nan ne mutane suka fi faɗuwa, don suna rikita kason mastabach da kason kabon. Wani zai ce maka ai na sa kashi biyu, alhali kilo biyu na mastabach ya zuba a kilo ɗari, in mai 40 ne kenan kabon da ya shiga bai kai kashi ɗaya ba. Bututun zai fito baƙi sumul, a kai shi gona a Gwagwalada ko Kwali, rana ta yi masa shekara ɗaya ko biyu ya fara tsagewa.

Ga shi a sauƙaƙe, a kan kowane buhun roba mai kilo 25, in kayan rana ne:

mai kashi 50, kilo 1.2
mai kashi 40, kilo 1.5
mai kashi 30, kilo 2
mai kashi 25, kilo 2.5

Duk waɗannan suna kai ka wajen kashi 2.2 zuwa 2.3 na kabon, tsakiyar abin da ake so kenan. In kala kawai ce, rabin kilo na mai 40 a buhu ɗaya ya wadatar ga kaya mai kauri, leda siririya kuma tana iya neman ƙari kaɗan don kar a riƙa hango abin da ke ciki.

Kar kuma ka ce bari in ninka don ya fi ƙarko. In ya wuce kima roba tana yin tauri ta rasa miƙewa, leda ta riƙa yagewa, inji ya riƙa shan wahala, ga kuɗinka da ya tafi a banza don mastabach ya fi ɗanyen roba tsada.

4. In robar bola ce, sai an yi mata aiki tukuna

Mu da yawa a Idu da wajen Dei-Dei da Mararaba da niƙaƙƙiyar roba muke aiki, wadda 'yan bola suke tarawa. Baƙi yana rufe kala amma ba ya rufe datti. A tsince, a wanke, a shanya. Hanya mai sauƙi ta rabewa ita ce ruwa, ka zuba niƙaƙƙen a babban baho, PE da PP za su taso sama, PET da PVC da yashi su nutse. PVC ko kaɗan ne ya shiga barel, wato cikin injin inda roba take narkewa, a zafin PE zai ƙone ya fitar da hayaƙi mai yaji a hanci da ido, kuma yana cin ƙarfen sukuru mai juyawa yana tura roba a cikin barel, PET shi kuma ba ya narkewa sai wajen digiri 250 saboda haka zai toshe maka rariya ne kawai.

In niƙaƙƙen fari ya fi yawa a ciki, ko tsohon kaya ne mai kalsiyom, baƙin zai fito ruwan toka, sai ka ɗan ƙara. In kuma dama baƙi ne kar ka ɗauka yana da isasshen kabon, ba ka san wanda ya yi shi ko nawa ya sa ba, ga kayan rana ni ina lissafa shi ne kamar yana da kaɗan sosai in zuba kusan cikakken awo.

Sannan dan Allah baƙar ledar da aka yi da robar bola ba ta zuba abinci mai zafi ba ce, ba tuwo ba alale ba. Ka faɗa wa masu saye a bakinka.

5. Busarwa

Kabon bilak yana shan raɓa daga iska, shi ya sa buhun da aka buɗe aka bari a damina yake ba da matsala ko da a hannu ka ji shi a bushe. Daga Afrilu zuwa Oktoba a garin nan kar ka yi wasa da wannan matakin. A diraya, digiri 80 na awa biyu zuwa huɗu ya isa. In ba ka da ita, ka shimfiɗa a kan tsaftataccen tamfol a rana tun hantsi, siriri ba tudu ba, kana motsawa, ka kwashe kafin la'asar ka ɗaure a leda. Masu miksa mai gudu kuma suna barin sa ya juya har ya ɗau ɗumi da kansa, shi ma yana kore danshi. Alamar ruwa a jiki ita ce ƙananan kumfa ko ramuka a fatar bututu, da ƙara tas tas a bakin dai, wato ƙarfen da roba take fitowa ta cikinsa da siffar kaya, leda kuma ta riƙa hujewa balan ɗin ledar da ake busawa yana faɗuwa.

Buhun da ka buɗe ka naɗe bakinsa ka ɗaure, a kan katako ba a kan siminti ba.

6. Awo da gaurayawa

Ka auna a sikeli kowane zubi. Gwangwani da kofi su ne suke sa kayan safe ya bambanta da na yamma, don hannun yaron da ke ɗiba ba ɗaya bane da na wanda ya karɓe shi. In sikeli ɗaya ne a wurin, ka auna ƙulli ƙulli na kilo 1.5 tun da safe ka jera, kowane buhu ƙulli ɗaya, ko wa ke kan aiki ba zai rikice ba.

A miksa, rabin roba a fara zubawa, sai mastabach, sai sauran robar, minti biyar zuwa goma. A durom kar ka cika shi ya wuce kashi biyu cikin uku, ka rufe ka kwantar ka mirgina shi gaba da baya kuma kana tada shi tsaye kana kifawa, don mirginawa kaɗai ba ta kai na ƙasa sama. In shebur ne a kan tamfol, a juya tudun daga wannan gefe zuwa wancan aƙalla sau uku. Ka ɗibi tafi ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa, ka ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da ido, in sun yi kusa da juna to ya haɗu.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba, ƙwayar mastabach ta fi ta roba nauyi, kuma in niƙaƙƙen falle falle ne ba ƙwaya ba, girgizar inji tana sa baƙin ya gangara ƙasan hofa, sai farkon aiki ya yi baƙi sosai ƙarshe ya yi fari fari. Maganinsa kar ka cika hofa maƙil, ka riƙa zubawa kaɗan kaɗan. Da hunturu kuma iska ta bushe, ƙwaya tana mannewa a bangon hofa, sai ka riƙa kaɗe ta.

7. Saita inji

Zafin barel gwargwadon robarka ne, ba gwargwadon baƙin ba. LDPE na leda wajen digiri 160 zuwa 190, HDPE 180 zuwa 220, PP 200 zuwa 240, kana farawa da ƙasa a wajen hofa kana hawa zuwa dai. Rariya ka jera mai manyan ido a baya ta tallafe, mai ƙananan ido a tsakiya, misali 40, 80, 40. Bayan tace datti, rariyar tana ƙara matsi a cikin barel, matsin nan shi ke sa sukuru ya murje baƙin sosai. A injin buga-buga kuma matsin baya ake ɗan ƙarawa.

Watsuwar nan ita ce rabin aikin. Kabon da bai murje ba yana zama kamar gudaji a cikin koko, wuri ɗaya ya dunƙule wani wurin babu, inda ya dunƙule nan bututu yake fara tsagewa, inda babu kuma nan rana take shiga. In ka ga zane zane, kar ka yi saurin ƙara zafi, sau da yawa rage zafin tsakiyar barel da digiri biyar ko goma ne yake gyarawa saboda robar ta ɗan yi kauri sukuru ya samu abin murzawa. Ka canza abu ɗaya, ka jira minti goma ka ga sakamako, sannan ka taɓa wani.

In an ɗauke wuta roba ta daskare a ciki, ko an dawo da ita ko ka tada janareta, kar ka kunna sukuru don agogo ya nuna zafi ya kai. Agogon zafin ƙarfe yake nunawa, robar da ke tsakiya ba ta narke ba tukuna, ka ƙara mata kamar rabin awa, ka fara da gudu kaɗan, kuma kada kowa ya tsaya a gaban dai. Robar da ta narke in ta fantsamo a fata mannewa take.

8. Gwada abin da ya fito

Na farkon minti goma zuwa sha biyar ka ware shi gefe. Bayan nan ka yanki leda ka miƙa ta a gaban rana ko fitilar waya. Mai kyau hasken da ke ratsowa iri ɗaya ne ko'ina, ruwan ƙasa mai duhu, mara kyau kuwa za ka ga layuka masu haske suna bin tsawon ledar, da ɗigo ɗigo baƙi wanda in ka shafa da farce za ka ji shi kamar tsakuwa. Ka ja ta a tsaye ka ja a kwance, ta miƙe kafin ta yage. Bututu kuma ka yanko siririn falle da sabuwar reza a kaikaice, yadda haske zai iya ratsa shi, ka ɗora a kan fitila ka duba da gilashi, za ka ga ko akwai farin zagaye a cikin naman bututun. Ka matse guntu a bais, wato mamatsin ƙarfe, ko ka buga da guduma, kada ya tsage.

In kwangila ce babba, ko kana neman shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta SON, ka kai samfur lab su auna maka kason kabon da watsuwarsa, ido ba ya ba da lamba.

Duk zubin da ya yi kyau ka rubuta shi, irin roba, irin mastabach, awo, zafi, gudun sukuru, ka maƙala guntun samfur a shafin da sitefula.

9. In gari kawai ka samu

Wani lokacin mastabach yana yankewa a kasuwa sai a kawo maka garin, irin masu lamba N330 ko N550 na masu taya. Gaskiya ban so sabon shiga ya fara da shi, yana tashi a iska, yana shiga huhu, hukumar binciken cutar kansa ta duniya IARC ta sa shi a rukunin 2B wato abin da ake zargin zai iya jawo cutar kansa, sannan yana ɗaukar lantarki, in ya taru a cikin fanel ɗin inji zai iya haɗa wuta. In ya zama dole, ka sa takunkumi, ka kashe fanka, ka rufe fanel. Ka fara shafe ƙwayar roba da ɗan farin mai ko kakin PE a cikin durom mai murfi don garin ya samu abin kamawa, sannan ka zuba garin ka rufe ka juya, ka bar ƙurar ta kwanta kafin ka buɗe. Kar ka kai shi injin leda kai tsaye, ka bi da shi ta injin ƙwaya sau biyu, kuma kar ka nemi kashi 40, sukuru ɗaya ba zai iya ba, kamfanoni da injin sukuru biyu suke yi. Ka tsaya wajen kashi 10, ka yi lissafinka a kan haka, kuma ka bar shi ga kayan da kala kawai suke so.

Garin gawayi, baƙin tukunya, baƙin mai na mota, babu wanda zai maye gurbinsa, toshe rariya da wari kawai za su ba ka. Wanda ake samu daga ƙona tsofaffin tayoyi shi ma tokarsa da yawa kuma yana da ƙauri, bai dace da leda siririya ba.

10. Wanke inji

Baƙi yana da wuyar fita, ƙwaya ɗaya da ta maƙale a lungun hofa za ta ɓata maka farar leda mai yawa. Ka tsara aikin sati daga fari zuwa masu haske zuwa masu duhu, baƙi a ƙarshe. In za ka koma fari ka kwashe hofa, ka goge ta da tsumma har maƙogwaronta, ka canza rariya, sannan ka tura farar roba mai kauri irin HDPE har ta fito tas. Abin da ya fito ruwan toka kar ka zubar, ka niƙa ka ajiye shi don zubin baƙi na gaba. Miksa da durom da shebur na baƙi kuma in da hali a ware su daban a yi musu alama da fenti. Ƙasa a share da jiƙaƙƙen tsumma ko a yayyafa ruwa kafin tsintsiya, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa abinci.